Ranar da Sufeto Ya Zo Gidansu

A wurin aiki Anti Jini ake ce mata, a gida kuwa Babba, don ita ce 'yar fari. Sana'arta kwalliya, amma ba irin wadda ake yi don a yi kyau ba. Ita ce mai yi wa gawa rauni a shirin Sufeto, shirin nan na talabijin da ake kashe mutum a farkonsa, a kuma kama wanda ya kashe shi kafin a tashi. Duk wanda za a kashe a makon, sai ya fara zama a kujerarta. Ta dama ruwan sikari da jar kala, ta zuba ɗan garin koko don jinin ya yi duhu, ta liƙa auduga da gam, ta tsaga ta da bakin tsinke, ta bi gefe da hoda. Mutum ya zauna yana zuba surutu, ya tashi da wuya a yanke.

“Anti Jini, yau ki kashe ni da kyau,” haka suke ce mata. “Surukaina za su kalla.”

“Ni nawa mai sauƙi ne,” takan ce. “Kai dai in an kwantar da kai ka daina haki kamar wanda ya yi tsere. Gawa ba ta ɗaga ciki.”

Shirin ya daɗe ana yinsa, har yaran da aka haifa a shekarar da aka fara sun shiga makaranta, amma mutane ba su gaji ba. A shagon aski, a bencin jiran likita, a cikin motar haya, in ka kasa kunne za ka ji ana musu: direban ne, a'a ƙanin mijin ne, kai matar ce, ba ka ga yadda ta kalli agogo ba? Cikin masu wannan musu ba wanda ya kai mahaifiyar Babba. Mama ba ta yi boko ba, amma kafin a je hutun talla ta riga ta nuna mai laifi da leɓe, kuma da wuya ta kuskure.

“Na gida ne,” take cewa. “Ku daina duba waje. Kullum na gida ne.”

A lokacin abin dariya ne. Auta, ƙanin Babba, mai gyaran firji, yakan dawo da baƙin mai a hannu ya zauna kusa da ita yana tsokana. “Mama, ke fa asararki ake yi a gidan nan. Yaya, ki gaya musu su sallami Sufeton nan su ɗauki tsohuwa.” Mama ta kai masa duka da mafici, matarsa tana dariya daga kicin, 'yarsu Ɗigo, wadda aka laƙaba wa sunan don ƙanƙantarta ranar haihuwa, tana yawo tsakanin ƙafafunsu.

Sai aka kashe Auta.

Ba wani dogon labari ba ne, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Ɗigo ta tashi da zazzaɓi, uwarta ta kira shi a waya da yamma ta ce ya biya kemis ya sayo magani. Ya daɗe, ta sake kira, ya ce ga shi nan zuwa, zai yanke ta lungun bayan garejin motoci don ya fi kusa. A lungun masu wucewa suka same shi. Ba waya, ba jakar kayan aikinsa, kwalbar maganin kuwa tana aljihunsa ko tsagewa ba ta yi ba. Babba ce ta je asibiti ta shaida gawar. Raunin bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Da ita ta yi shi a wurin aiki, da an ce ta sake, ba wanda zai yarda wannan ya kashe mutum. 'Yan sanda sun zo, sun yi tambayoyi, sun tafi. Duk sanda ta leƙa ofishinsu sai a ce ana kan bincike, ta yi haƙuri. Har ta gane cewa su ma ba su san komai ba, kuma da wuya su sani.

Mama ba ta daina kallon shirin ba, sai dai kallon ya canza. Ta jawo kujerarta gab da talabijin, ba dariya, ba nuni da leɓe, ta zuba tagumi kamar ɗaliba a gaban malami. In aka tashi sai ta daɗe zaune tana motsa baki ita kaɗai. Abinci kuwa sai an yi da gaske take kai loma baki, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

A hankali tambayoyi suka fara fitowa, kuma duk wuri ɗaya suke nufa.

“Maman Ɗigo, da kika sake kiransa, me kika ce masa?”

“Cewa na yi jikin yarinyar ya ƙara zafi, Mama.”

“Shi kuma ya ce miki ta lungu zai bi.”

“Haka ya ce.”

“To ban da ke, wa ya sani?”

Maman Ɗigo mace ce mai sanyin hali, tela a wani shago da ke ɗinka kayan makaranta, irin mutanen da in an taka su su ne ke ba da haƙuri. Ta sunkuyar da kai ta ce ba kowa. Mama ta gyaɗa kai, ta ajiye amsar inda take ajiye sauran: cewa ranar rasuwar ba a jiyo kukanta daga waje ba, cewa ta wanke rigunansa tun ba a ce ta wanke ba, cewa akwai kemis a bakin titi da ita kanta za ta iya zuwa. Da can “'yata” take kiranta. Aka wayi gari ta koma “matar nan”. In ita ta yi girki, Mama ta ce ta ƙoshi. In ta tafi shago, Mama ta ja Ɗigo ɗakinta ta sa sakata, ko uwar ta dawo sai ta ƙwanƙwasa.

Wata safiya Babba tana haɗa kayan aikinta a jaka, Maman Ɗigo ta same ta a kicin ta tura ƙofa.

“Yaya, ina so mu yi magana, kada ki ji haushina.”

“Ina jin ki.”

“Jiya ina yi wa Ɗigo wanka, sabulu ya shiga idonta. Ta ce, ‘Matar nan, ki bari.’” Ta yi ɗan murmushi, murmushin ya kasa tsayawa. “Ni zan iya jurewa, Yaya. Uwa ce, ɗanta aka kashe, in ta zage ni ma ba komai. Amma yarinyar nan kunnenta ya buɗe. Yau matar nan ce, gobe ban san me za ta ji ba. Yayana ya ce in koma wurinsa, akwai ɗaki. In abin bai sauya ba, tafiya za mu yi.”

Garin yayan nata tafiyar yini ce a mota. Babba ba ta taɓa haihuwa ba, aurenta ma bai yi tsawon rai ba. Ɗigo ce kaɗai abin da ya rage na Auta mai tafiya da ƙafa, da irin goshinsa da irin dariyarsa. In ta bar gidan, Babba ta san abin da zai saura: ita, da tsohuwa, da talabijin.

“Ki ba ni ɗan lokaci,” ta ce. “Zan san abin yi.”

Ta fara gwada bakinta. Ta zauna ta ce wa Mama ɓarayin waya ne, an san lungun da su, ba Auta ne na farko ba. Mama ta dube ta sama da ƙasa.

“Ke mai shafa ja ce. Aikinki yana ƙarewa tun kafin a fara bincike. Me kika sani?”

Ranar a wurin aiki ana ɗaukar ƙarshen labarin makon ne, inda Sufeto ke tara mutanen gida ya fito da mai laifi. Babba ta tsaya bayan kyamara da soson hoda a hannu, kamar kullum. Ta sha ganin wannan fitowar, amma ba ta taɓa kallonta da idon Mama ba sai ranar. Sufeto ya zagaya ɗakin yana magana a nutse, ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe, ya cire tabarau, ya juya ya kafa wa ƙanin mamacin ido. Daga nan ba motsi. Dokar Darakta ce, kuma ta zame wa kowa jiki: in maganarka ta ƙare, ka tsaya yadda kake, kada ka ƙifta, har sai ya ce “kat”, wato an gama. Na bayan kyamara su ma haka, ko tari ya taso maka sai ka haɗiye. Kallon ya yi tsawo, ya ƙara tsawo, har wanda ake kallo ya fara rawar leɓe. Sannan Darakta ya ce kat, kowa ya saki numfashi, mai riƙe da fitila ya yi atishawar da ya daɗe yana dannewa.

Da aka zauna hutu ta matsa kusa da Darakta.

“Darakta, wai me ya sa kullum na gida ne? Ba a taɓa samun wanda ya kashe mutum don wayarsa kawai, bai san shi ba?”

Ya fara dariya, sai ya tuna da wa yake magana, ya gintse. “Mun taɓa gwadawa, kin manta? Tun farko-farko. Har mai wanke min mota sai da ya tsare ni ya ce mun raina musu hankali. Mutum ya zauna yana auna wannan yana auna wancan, sai ka jawo masa wani ƙato daga titi da bai taɓa gani ba? Ai sai ya ji kamar an mare shi. Mutane ba kisan suke zuwa kallo ba, Anti. Dalilin suke so. Su ji abin yana da kai yana da gindi, su je su kwanta.”

Sai ta juya wurin Sufeto. Kowa haka yake kiransa, har matarsa. A talabijin dutse ne. A zahiri mutum ne mai taushin zuciya da yawan mantuwa, wanda in ba a rubuta masa magana ba, gaisuwa ma sai ya yi ta kame-kame. Ta faɗa masa komai yana zaune a kujerarta tana share masa gumi.

“Ni Mama ba ta jin maganata,” ta ce. “Kai kuwa in ka ce mata an yi rana da tsakar dare, wanki za ta fitar ta shanya.”

“To me zan ce? Kin san ni, Anti Jini. Ki gaya min in haddace.”

Ta gaya masa, ya maimaita, ta gyara, ya sake maimaitawa, har maganar ta zauna a bakinsa kamar tasa. Ta ce ya zo da kayan gida, kada ya sa baƙar kwat ɗin shirin. Tabarau ne kawai ba ta yi tunaninsa ba, don nasa ne na gaske.

Ya zo ranar hutu da yamma. Mama, da ta ji wanda zai zo, ta tashi da kanta ta share falo, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta sa kayan da take ajiyewa don fita unguwa. Maƙwabta suka fara leƙe ta taga, Babba ta saki labule. Maman Ɗigo ta gaishe shi daga nesa ta shige kicin ɗora shayi.

Sufeto ya zauna a bakin kujera, gwiwoyi a haɗe, ya yi ta'aziyya. Mama ta amsa tana ƙare masa kallo.

“Ka fi tsawo a talabijin,” ta ce.

“Kowa haka yake cewa, Mama. Akwati suke sa min in taka.”

Ta yi 'yar dariya, ta farko tun rasuwar. Sai ya gyara murya ya fara, kuma ya faɗa da kyau, ko a gaban kyamara iyakar abin da zai yi ke nan. Ya ce abin da suke yi wasa ne, wani ne ke zama ya tsara, tun kafin a kashe mutum an san wanda za a kama. Suna sa na gida ne don masu kallo su sami abin musu, ba don haka duniya take ba. A zahiri sau da yawa wanda ya yi kisa bai san sunan wanda ya kashe ba. Surukarta kuwa baiwar Allah ce da aka bari da marainiya, ta riƙe ta hannu biyu.

Mama ta saurara har ƙarshe, ba ta katse shi ba. Sannan ta gyara zama.

“Na ji naka, Sufeto. Yanzu ka ji nawa.”

Nan abin ya bar hanyar da aka shirya masa. Ta jero komai daki-daki, da murya a kwance, yadda ta ga yana yi: kiran wayar, da sake kiran, lungun da mutum ɗaya ne ya san za a bi, kemis ɗin bakin titi, rigunan da aka wanke. Sufeto ya saci kallon Babba, ta yi masa alama da ido ya koma kan maganarsa. Kafin ya buɗe baki Mama ta sunkuyo.

“Ka ce baƙo ne. To. Ni na ɗauki cikin yaron nan, na yi jinyarsa yana ƙarami har likita ya fid da rai, ya tashi. Yanzu ka ce wani ya zo wucewa, bai san sunansa ba, bai san yana da uwa ba, bai ƙi shi ba, bai so shi ba, ya soke shi ya wuce kamar wanda ya yar da ɓawon lemo. In haka ne, don me ɗana ya mutu? Gaya min don me, in bar yarinyar nan ta huta.”

Wannan ba a koya masa amsarta ba. Hawaye suka cika masa ido, gilashin ya yi hazo, ya sa hannu ya cire tabarau. Daidai nan ƙofar kicin ta yi ƙara, ya juya wajen ƙarar, ga Maman Ɗigo tsaye da tiren shayi. Maganarsa ta ƙare, ba shi da wata. Sai jikinsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru in magana ta ƙare. Ya tsaya cak, tabarau a hannu, ido a kafe, yana jiran a sallame shi.

Babba tana gani. Kalma ɗaya ta isa, ko ta miƙa hannu ta karɓi tiren, ko ta yi tari. Amma ita ma jikinta ya san wannan shirun, ya san ba a shiga cikinsa. Ta tsaya a jikin bango, numfashi a riƙe, kamar mai jiran a kira ta da hoda. Sai da kofuna suka fara kaɗawa a kan tire, cokali ya zame ya faɗi, Maman Ɗigo ta sunkuyar da kai, sannan Babba ta farga cewa a falon gidansu take, kuma ba wanda zai ce kat.

“Ajiye shayin mana,” ta ce da sauri. Amma an makara.

Mama ta jingina da kujera ta sauke doguwar ajiyar zuciya.

“Na gode, Sufeto. Allah ya yi maka albarka.”

“A'a, Mama, ba haka ba ne,” ya ce, yana kici-kicin mayar da tabarau. “Wallahi ba abin da nake nufi.”

“Na sani. Bakinka ya faɗi abin da Babba ta koya maka, ai na ji muryarta a ciki. Idonka kuma ya faɗi naka. Sha shayinka kada ya huce.”

Ya rantse, Babba ta rantse, suka yi ta magana suna haɗa baki, Mama tana gyaɗa musu kai irin na wanda ya fahimci cewa akwai abin da ba a faɗa a gaban mutane. Maman Ɗigo ta ajiye tiren, ta ɗauki cokalin, ta koma kicin ta ja ƙofa a hankali.

A bakin titi, yana jiran mota, Sufeto ya kasa haɗa ido da Babba.

“Anti Jini, ko wace ce ban gani ba. In na cire gilashin nan inuwa kawai nake gani. Duk shekarun nan ma haka ne, alama suke sa min a bango in kalla.” Ya share fuska. “In dawo gobe? In zo da Darakta?”

“Bari,” ta ce. “Kai ka yi iya yinka.”

Washegari da safe Maman Ɗigo ta fito da jakunkunanta da keken ɗinkinta na hannu, ta tsaya a ƙofar ɗakin Mama.

“Mama, za mu tafi. Ki yafe min duk abin da na yi miki.”

“Ki je. Ba zan kai ki ko'ina ba, na bar ki da Allah. Amma ki bar min jikata.”

“Ki yi haƙuri, Mama.” Ba ta taɓa musa mata ba sai ranar, kuma ko a ranar muryarta ba ta ɗaga ba. “Komai na ɗakin na bari, har hotonsa. Wannan kam ba zan iya ba.”

Ɗigo, ta sa takalmin hagu a dama, ta ruga ta rungume gwiwar kakarta. “Kaka, mota za mu shiga. Ke ba za ki je ba?” Mama ta dafa kanta, hannun ya daɗe a nan, sannan ta ɗauke shi ta juya fuska ga bango.

Babba ta ɗauki jaka ta raka su tasha. A hanya ta yi ta magana: tsohuwa ce, za ta huce, mutumin nan ko ganinki bai yi ba, ki bari a kwana biyu. Maman Ɗigo tana tafe tana saurare. Sai da aka ɗora kayan, suna tsaye a jikin mota, ta ce:

“Na yarda bai gan ni ba, Yaya. Amma da ya kalle ni, cewa na yi a raina, to, ga wanda ya gane. Ai ni na kira shi. Da ban sake kira ba, da ta titi zai bi, a hankali, yana gaisawa da mutane yadda ya saba. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Mama ba ta faɗi abin da ban riga ta faɗa wa kaina ba.”

“Zazzaɓi yarinya take yi. Kowace uwa za ta kira.”

“Haka ne.” Ta ɗauki Ɗigo ta saɓa a kafaɗa. “Ki riƙa sa wa Mama ido a kan maganin hawan jininta, ɓoyewa take a ƙarƙashin filo. In kin samu hutu ki zo. Kada ki bari yarinyar nan ta manta fuskarki.”

Mota ta tashi. Ɗigo ta manna tafin hannu a gilashi tana kallon wani mai tura baro, ba ta ma ga Babba tana ɗaga mata hannu ba.

Babba ba ta je aiki ba ranar. Ta dawo gida a ƙafa, a hankali, tana shirya maganganun da za ta faɗa wa Mama, masu zafi, irin waɗanda ba ta taɓa faɗa mata ba. Ta tura ƙofa da su a bakinta.

Ta same ta zaune a tebur, ta yi wanka, ta dafa shayi da kanta, ta soya ƙwai. Tana ci. Ba irin cin nan na a rabu da ni ba, ci na mai jin yunwa, har tana lasar yatsa. Fuskarta ta sake, kamar wadda ta sauke kaya bayan doguwar tafiya.

“Kin dawo? Zo ki ci da zafinsa. Jiya na yi barci, Babba. Rabona da barci irin wannan tun yana raye.”

Babba ta tsaya riƙe da ƙofa. Maganganun suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta jawo kujera ta zauna.

Mama ta yanki burodi, ta cinye ɓawon, ta tsoma tsakiyar mai laushi a shayi, ta hura, ta sake hurawa, ta miƙa hannu ƙasa gefen kujerarta, daidai tsayin bakin ƙaramar yarinya. Hannun ya tsaya a iska. Ba ta dubi wurin ba, ba ta kuma janye shi ba, har burodin ya gutsure ya faɗi.